Furfurar da Ido Ba Ya Gani

Ni mutumin Farin Dutse ne, ta ƙasar Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa. A nan aka yanke mini cibiya, a nan na yi karatun allo, a nan kuma na yi firamare. Aikina akawu ne a ofishin hakimi. Tun 1976 aka kawo tsarin ƙananan hukumomi, amma har yau tsofaffin garinmu Malamin En'e su ke ce mini, ni kuwa ba na ƙin amsawa, gama aikin bai sake ba ƙwarai: rajista, da wasiƙa, da takardar cinikin gona, da ta rabon gado. Ina kuma taɓa noma kamar kowa. Saboda haka duk abin da na ke ci da iyalina, da hannun daman nan na ke nemansa.

Abin da ya sa na ke wannan rubutu shi ne wata takarda da ta kusa raba ni da gonata ta gado. Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, yanzu takardu za su riƙa zuwa hannunku, na asibiti da na kotu da na banki, har maƙwabta su riƙa kawo muku nasu ku duba musu. To, ku ji yadda takarda ta ruɗe ni, ni da na yi shekara ashirin da 'yan kai ina cin abinci da ita.

A daminar 2023, ina da shekara 45, wajen lokacin noman firi, sai wuyan hannuna na dama ya soma ciwo, daidai gindin babban yatsa. A shekaran nan aiki ya yi mini yawa. An ba ni wata tsohuwar rajista da gara ta taɓa in juye ta cikin sabon littafi, in na tashi daga ofis kuma sai gona. In na ɗauki buta sai in ji kamar an soka mini allura. In na zo ɗaure akuya sai igiya ta gagare ni. Na yi abin da kowa ya kan yi: na shafa man zafi, na gasa da ruwan ɗumi, na sha ƙwayoyin kemis. Mai ɗori ya murza ya ce targaɗe ne. Har aka gama maimai ciwo yana nan.

Da abin ya ishe ni sai na tafi asibiti a Birnin Kudu. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce babu karaya, babu gocewa. Likitan ya rubuta mini magani, ya ce in hutar da hannun, in komo bayan wata guda. Wannan magana ba ta gamshe ni ba. Na taɓa jin labarin wata na'ura a Kano wadda a ke cewa babu abin da ya ke ɓuya gare ta a jikin mutum. Na ce a raina, gani ya kori ji. Na yi ta roƙon likitan har ya rubuta mini takardar zuwa can. Laifin nan nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Na sayar da tumaki biyu, na shiga mota, muka bi ta Wudil sai Kano.

Bari in ɗan gaya muku yadda na'urar ta ke. Hoton ƙashi da muka sani tsohon abu ne. Wani Bajamushe, Wilhelm Rontgen, shi ya gano shi a 1895, cikin hotunan da ya fara ɗauka kuwa har da na hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Amma wannan hoto ƙashi ya fi nunawa, ba ya fito da tsoka da jijiya da guringuntsi sosai. Ita wannan ta Kano, wadda likitoci ke kira MRI, da maganaɗisu ta ke aiki, watau mayen ƙarfe. Wani Ba'amurke, Paul Lauterbur, shi ya nuna hanyarta a 1973, wani mutumin Ingila kuma, Peter Mansfield, ya inganta ta, har aka ba su kyautar Nobel tare a 2003. Dabararta ita ce, jikin mutum yawancinsa ruwa ne. Maganaɗisun ya kan jera waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin ruwan nan su fuskanci waje guda, sa'an nan a aika musu da irin igiyar da ke ɗauko muryar rediyo ta kaɗa su. Sa'ad da su ke komawa mazauninsu sai su ba da amsa, kwamfuta ta tattara amsar ta mai da ita hoto. Da ya ke ruwan tsoka dabam, na guringuntsi dabam, kowanne sai ya fito da kamarsa.

Kafin in shiga sai da aka raba ni da duk wani ƙarfe: agogo, da zobe, da makulli, da waya, gama maganaɗisun yana iya fizge su. Aka kwantar da ni rub da ciki, hannu a miƙe gaba, aka toshe mini kunne, aka tura ni cikin wani kogo fari. Ƙara kuwa, sai ka ce injin niƙa da maƙera aka haɗa a ɗaki ɗaya. Wajen rabin sa'a ina ciki, an hana ni motsi. Babu zafi ko kaɗan, sai dai tsoro.

Kashegari aka ba ni sakamako cikin ambulan. Da Turanci ya ke, irin na likitoci. Turancina na firamare ne da na ofis, amma na tsinci kalma guda da na sani, wadda ma'anarta yagewa. Na kai wa ɗan ƙanwata da ke karatu a Kano. Ya duba, ya ɗauko waya ya yi 'yan danne-danne, sai na ga fuskarsa ta sake. Ya ce, “Kawu, sun ce akwai wani guringuntsi a wuyan hannunka da ya yage, ya huje a tsakiya.” Ya nuna mini hotunan hannuwan da aka yi wa aiki. Muna cikin haka, wani mutum da muka haɗu da shi a wurin ɗaukar hoton, wanda ya karɓi lambata, ya kira ya ce ya san inda a ke ɗinke irin wannan, in ban hanzarta ba kuwa hannun zai shanye. Ya faɗi kuɗin. Na yi lissafi a zuci, na ga ba abin da zai biya su sai gonar fadama da mahaifina ya bar mini.

Na komo gida jiki ba ƙarfi. Ga wani abin mamaki da zan gaya muku. Takardar ta ce yagewar tana wajen ƙaramin yatsa. Wurin nan bai taɓa yi mini ciwo ba tun da aka haife ni. Amma tun daga ranar da na ji labari, in na kwanta da dare sai in riƙa jin wurin yana motsi, yana zugi. Na naɗe hannun da tsohon rawani, na daina taɓa fartanya, na soma roƙon yaran ofis su yi mini rubutu. Na kira dillali ya zagaya gonar. Ni da na ke rubuta wa mutane takardar ciniki, na zauna na rubuta tawa da kaina, da ƙyar, saura sa hannun shaidu.

Mahaifiyata ce ta tsai da ni. Ta haura saba'in, ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma har yanzu in an yi sakaci sai a same ta tana sussuka. Ta kira ni ɗakinta ta ce, “Ina ne ke yi maka ciwo?” Na nuna mata gindin babban yatsa. Ta ce, “Takardar kuma ina ta ce?” Na nuna mata ɗaya gefen. Ta ce, “To, jiki magayi. Jikinka ya ce nan, takarda ta ce can. Kada ka sa hannu a kan gonar ubanka sai ka koma wurin wanda ya aike ka, ya raba muku gardama.” Na ce, “To, Inna.”

Da na koma Birnin Kudu sai aka haɗa ni da likitan ƙashi, wani dattijo mai magana a hankali. Na miƙa masa ambulan da hannu biyu. Ya karɓa ya ajiye a gefe bai buɗe ba. Ya ce, “Malam, ɗauki yatsa ɗaya ka nuna mini inda ciwon ya ke.” Na nuna. Ya tambayi sana'ata, da lokacin da abin ya soma, da ko na taɓa faɗuwa a kan hannun. Na ce ban taɓa ba. Ya danna wajen ƙaramin yatsa da ƙarfi, ya jujjuya hannun, ya ce in dafa kujera in tashi da ƙarfin hannuwana. Ban ji kome ba. Sa'an nan ya sa na lanƙwasa babban yatsa cikin tafi na dunƙule, ya karkata hannun a hankali wajen ƙaramin yatsa. Ban san sa'ad da na yi salati da ƙarfi ba.

Ya ce, “Ga ciwonka nan. Akwai jijiyoyi biyu masu ɗaga babban yatsa, suna wucewa ta cikin wani ɗan kube a nan. Yawan aiki iri ɗaya ya sa kuben ya yi kauri ya matse su. Muna ganin irinsa ga masu rubutu, da masu wanki, da mata masu jego saboda ɗaukar jariri.” Sai a sa'an nan ya buɗe ambulan. Ya karanta har ƙarshe, ya nuna mini wani layi a ƙasa inda aka ambaci wannan kumburi, layin da ni da yaron muka tsallake don kalmar yagewa ta ɗauke mana hankali.

Na ce, “Likita, yagewar fa?” Ya yi murmushi, ya nuna gemuna ya ce, “Wannan furfurar tana yi maka ciwo?” Na ce a'a. Ya ce, “Ka taɓa neman wanda zai yi mata aiki?” Na yi dariya. Ya ce, “To, cikin jiki ma yana yin tasa furfurar, ido ne ba ya ganinta. Na'urar nan tana gani, kuma duk abin da ta gani sai an rubuta.”

Ya jawo takarda ya zana mini. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa takwas, jeri biyu, suna zaune a kan dogayen ƙasusuwa biyu da suka taho daga gwiwar hannu. A gefen ƙaramin yatsa, tsakanin kan dogon ƙashin da ƙananan, akwai wani ɗan guringuntsi mai kusurwa uku, girmansa kamar farce. Aikinsa aikin gammo ne: yana tare nauyi, yana kuma taimakawa wajen riƙe dogayen ƙasusuwan nan biyu sa'ad da mutum ya juya tafinsa sama ko ƙasa. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da ke bi ta wuyan hannu ta gefen nan ya ke wucewa. Duk sa'ad da ka sari ƙasa, ko ka ja guga, ko ka murɗa makulli, sai an ɗan goge shi. Jini kuwa gefe-gefensa kaɗai ya ke kaiwa, tsakiyarsa ba ta samu. Don haka abin da ya goge a tsakiya ba ya komowa. A hankali ya yi siriri, wata rana ya huje, mai hannu bai sani ba.

Da ya ke ni akawu ne, ban cika yarda da lissafin baki ba. Na roƙe shi ya rubuta mini inda aka samo wannan magana, daga baya ɗan ƙanwar tawa ya nemo, na kwafe a littafina. Ga abin da na samu. A 1978 wani likita mai suna Mikic, na ƙasar da a ke kira Yugoslabiya a lokacin, ya duba wuyan hannu 180 na mamata 100, tun daga 'yan tayi har mai shekara 94. Bai sami huda ba ga waɗanda ba su wuce shekara ashirin ba. Daga ashirin zuwa talatin ya samu a wajen 8 cikin 100. Daga arba'in zuwa hamsin, watau tsarata, 40 cikin 100. Waɗanda suka haura sittin kuwa, fiye da rabi. A 2012 kuma, a ƙasar Kanada, aka sa mutum 103 waɗanda hannunsu lafiya lau cikin na'urar nan, sai aka sami illa a guringuntsin mutum 39.

Abin bai tsaya ga hannu ba. A 2008 aka duba gwiwar mutum 991 a Amurka, masu shekara 50 zuwa 90. Cikin waɗanda aka ga guringuntsin gwiwarsu ya yage, 61 cikin 100 sun ce ba su ji wani ciwo ba a watan da ya wuce. A 2015 aka tattara binciken gadon baya na mutanen da bayansu ba ya ciwo. Aka tarar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya soma lalacewa ga 37 cikin 100 na masu shekara 20, ga masu shekara 80 kuwa 96 cikin 100. Ashe da za a kwashi dattawan da ke ciniki a kasuwar Sara a sa su cikin na'urar nan, da kusan kowa ya fito da takarda mai ban tsoro, alhali kuwa da ƙafarsu suka zo, da hannunsu su ke ɗaga buhu.

A kan hanyar komowa gida sai na tuna da abin da na sha gani a wurin aiki. A kan yi sata a ƙauye da dare, matasa su fito da fitila, su haska zauren wani su ga baƙo a kwance, su kamo shi su kawo. Baƙon dai gaskiya ne yana nan, fitila ba ta yi ƙarya ba. Amma dagaci mai hankali sai ya tambaya: yaushe ya zo, sawun wa aka gani a bakin garke, ina ya ke sa'ad da kare ya yi haushi? Sau da yawa sai a tarar fatake ne da ya saba kwana a nan shekara da shekaru, ɓarawon kuwa yana wata unguwa. Haka na yi da hannuna. Na haska fitila na ga baƙo, na kusa sayar da gona don in hukunta shi.

Maganin da aka yi mini bai kai kuɗin tunkiya ɗaya ba. An ɗaura mini wani maɗauri mai tauri wanda ya hana babban yatsa motsi, na yi makonni da shi. Da ciwon bai gama tafiya ba aka yi mini allura guda a cikin kuben nan. Aka ce in naɗa wa alƙalamina ƙyalle ya yi kauri, in riƙa hutawa tsakanin shafi da shafi. Kafin hunturu ya fita na koma aikina sosai, na ƙare rajistar. Zugin nan na wajen ƙaramin yatsa kuwa, tun a ɗakin likita ya ɓace, bai sake dawowa ba. Hudar tana nan, na sani, da ita na yi noma bara, da ita na ke rubuta wannan.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Malam ya ce a daina zuwa asibiti, ko kuwa na'urar nan banza ce. Ban faɗi haka ba. Na'urar tana gano cututtukan da dā sai an buɗe mutum a ke ganinsu, ta ceci rayuka da yawa. Guringuntsin nan kuma yana yin yagewa ta gaske, wadda ta bambanta da gogewar shekaru. In mutum ya faɗo daga babur ko daga kan itace ya dafa ƙasa da tafi, wuyan hannu ya kumbura, wajen ƙaramin yatsa yana zafi in ya juya hannu ko ya matse wanki, ko yana jin ƙashi na zamewa, wannan ya je asibiti da wuri. Waɗansu ɗauri da hutu ya ishe su, waɗansu kuwa sai an yi musu aiki. Wanda ya kai wa mai ɗori kuma ya lura: in an ɗaure tam har yatsu suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko suka daina ji, a kwance nan da nan a tafi asibiti, gama ɗaurin da ya hana jini gudu yana kashe hannu.

Abin da na ke roƙonku shi ne, in an ba ku irin takardan nan, taku ko ta maƙwabci, kada ku tsaya a kan kalma guda. Ku karanta har ƙasa. Kada ku yanke shawara da waya, ko da mutumin da kuka haɗu da shi a bakin ƙofa. Ku mai da ita wurin likitan da ya taɓa jikin da hannunsa, ku yi masa tambaya uku. Ta fari, abin nan da aka gani, a wurin da ke ciwo ya ke? Ta biyu, a kan sami irinsa ga tsarana waɗanda ba sa jin ciwo? Ta uku, in an bar shi an jira wata biyu ko uku, me zai faru? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, matambayi kuwa ba ya ɓata. In an ce sai aiki, kuma ba na gaggawa ba ne, babu laifi a ji ta bakin likita na biyu, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Akwai kuma abin da na ƙaru da shi wanda ba na asibiti ba ne. Dā ina ɗaukar tsufa abu ne da zai zo wata rana ya yi sallama a ƙofar gida. Yanzu na san ya daɗe da shigowa, tun ina saurayi ya ke aikinsa a hankali, bai kuwa hana ni kome ba. Na kan dubi hannuwan Inna in tana tsince wake, in tuna yawan turmin da suka daka da yawan gugan da suka ja, in ce lalle gammon nan nata ya daɗe da hujewa, ga ta kuwa tana ta hidimarta. Ban ƙara naɗe hannuna da rawani ba.

Takardar asibitin da takardar cinikin gonar da ba a sa wa hannu ba, na haɗa su na ajiye a adaka ɗaya. In wani ya zo ofis a firgice yana son in rubuta masa takardar sayar da gona don kuɗin magani, na kan ce ya zauna ya sha ruwa tukuna, in tambaye shi ko ya koma wurin likitan da takardar. Mutum biyu sun koma, ɗaya bai sayar ba, ɗayan kuwa nasa ciwon na gaske ne, aka yi masa aiki ya sami lafiya. Gonar fadama tana nan, bana ma shinkafa na zuba. Allah ya ba mu lafiya da tsufa mai amfani, amin.